Amsoshin tambayoyinku: Wane wasa zan saya, wane jirgin yaƙi zan ƙera?

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan wasannin sauya tarihi, waɗanda ake damƙa wa mutum rundunar sojan ruwa ta wata ƙasa, a ba shi kasafin kuɗi, a ce ya zana jiragen yaƙinsa da kansa. Na zaɓi guda huɗu daga masu karatu mazauna Abuja da kewayenta, na kuma taƙaita su domin amsoshin su samu wuri.

Wani ɗalibi daga Gwagwalada: "Tsohuwar laftop gare ni, da ita nake rubuce-rubucen makaranta. An ambata mini Rule the Waves 3 da Ultimate Admiral: Dreadnoughts da Hearts of Iron IV. Wanne zan saya, kuma lallai sai na je Banex na sake kwamfuta?"

Ƙanena, kada ka taɓa kuɗin kwamfuta tukuna, domin waɗannan wasanni uku ba abu ɗaya suke nema daga na'ura ba. Rule the Waves 3, wanda ya fito a 2023, yana ɗora ka a kujerar shugaban sojan ruwa tsakanin 1890 da 1970, wata-wata kuɗi na shigowa, kai kuma kana raba su tsakanin ƙira da bincike da kula da jiragen da ke aiki. Fuskarsa jadawali ce da taswira, saboda haka tsohuwar laftop mai Windows tana ɗaukarsa ba wahala, batirinta kuma ya fi jimrewa idan aka ɗauke wuta. Ultimate Admiral shi ne mai ɗaukar ido, inda kake ɗora hasumiyar igwa a kan gangar jirgi kana kallon yadda nauyi ke karkata gaba ko baya, amma yana son na'ura mai katin hoto na musamman, kuma a nan ne aljihu ke jin jiki. Hearts of Iron IV kuwa wasan mulkin ƙasa ne baki ɗaya a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, zanen jirgi wani ɗan sashe ne a cikinsa wanda ya zo da ƙarin Man the Guns a 2019, don haka sai ka duba ko kunshin da za ka biya ya haɗa da shi.

Tunda zanen jirgi ne ya kawo ka, na farkon nake ba ka shawara. Da dala ake biya a Steam, kantin sayar da wasanni na intanet, saboda haka ka yi haƙuri zuwa rangwamen ƙarshen Yuni ko na ƙarshen Disamba, kuma ka sani ana mayar da kuɗi idan ka nema cikin kwana 14 matuƙar ba ka wuce awa biyu kana wasan ba. Kafin lokacin akwai SpringSharp, wata manhaja ta kyauta wadda za ka ba ta tsawon jirgi da igwoyi da kaurin sulke ta lissafa maka nauyi da daidaito.

Wani ma'aikaci daga Gwarinpa: "Mu shida muke wasa a ƙarshen mako, da alƙali guda. A labarinmu Turawa ba su ci Sakkwato a 1903 ba, daular ta bi Neja har bakin teku. Yanzu muna 1910, ni ne Sarkin Ruwa. Kuɗin hannuna za su sayi manyan jiragen yaƙi biyu irin Dreadnought daga Ingila, ko ƙanana masu yawa. Maƙwabcina ya riga ya yi odar babba guda. Ina mafita?"

Malam, kafin ka buɗe littafin farashi ka shimfiɗa taswira, domin ruwan da kake da shi ne zai gaya maka irin jirgin da ya dace da kai. Gaɓar da daularka ta gada ta kai kimanin kilomita 850, kuma kaso mai yawa na cikinta fadama ce da ƙananan rafuffuka da bakunan koguna waɗanda yashi ke toshewa. Dreadnought, wanda Ingila ta ƙaddamar a 1906, nauyinsa ya kai wajen tan 18,000, cikinsa kuma yana nutsewa kusan mita tara a ruwa. A wancan zamani ko manyan jiragen fatake ba sa iya shiga tashar Legas saboda tudun yashin da ke bakin mashiginta, sai a juye kaya a tashar Forcados da ke bakin Neja cikin ƙananan jirage, har sai da aka gina katangun duwatsu aka yashe hanyar. Ka tambayi kanka inda giwayen nan biyu za su kwana, da inda za a shigar da su ramin gyara a kwashe ruwa a kankare cikinsu, tunda a ruwan zafi irin namu ƙananan halittu suna saurin manne wa ƙarfe su rage wa jirgi gudu. Sannan akwai maganar kwal. A 1909 ne aka gano kwal ɗin Udi da ke kusa da Inugu, jirgin ƙasa kuma bai fara kai shi Fatakwal ba sai 1916, ka ga a shekarar da kuke ciki daga waje za ka riƙa sayen abin da tukunyar tururinka za ta ci, ta hanyar tekun da abokin gaba zai fara tarewa.

Akwai ƙasar da ta bi wannan hanya a daidai shekarar. A 1910 Barazil ta karɓi Minas Geraes da São Paulo daga maƙeran Ingila, kowanne da igwa 12 masu faɗin baki inci 12, da kuɗin kofi da roba. A watan Nuwamba na shekarar matuƙan jiragen suka yi bore saboda bulalar da ake yi musu, suka juya bakin igwoyin zuwa birnin Rio de Janeiro. Da kasuwar roba ta faɗi sai aka rasa kuɗin ƙarasa na uku, aka sayar wa Daular Usmaniyya shi a ƙarshen 1913. Talakawan daular sun yi karo-karo domin biyan kuɗin jiragensu, amma da yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914 sai Ingila ta riƙe jirgin ta sa masa suna Agincourt, ta haɗa da wani jirgin daular mai suna Reşadiye. Wannan darasin ya shafe ka kai tsaye: jirgin da ke hannun maƙeri a wata ƙasa bai zama naka ba sai ranar da ya shigo ruwanka, kuma alƙalin da ya san tarihi zai iya yi maka irin wannan.

Da ni ne a kujerarka, da nakiyoyin ruwa zan fara, da jiragen dasa su. A ranar 18 ga Maris 1915, layin nakiyoyin da wani ɗan jirgin Usmaniyya mai suna Nusret ya dasa, wanda nauyinsa bai kai tan 400 ba, ya nutsar da manyan jirage uku na Ingila da Faransa a mashigin Dardanel, wato Bouvet da Irresistible da Ocean. Bayan nakiya sai jirage masu sauri masu harba tofido, wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa, sai kuma jiragen kogi masu shafaffen ciki waɗanda za su iya hawa Neja har Lokoja su shiga Binuwai. Amfaninsu ya fito fili a gabashin Afirka, lokacin da jirgin Jamus Königsberg ya ɓuya a rafuffukan bakin kogin Rufiji ya gagari manyan jiragen Ingila wata da watanni, har sai da aka jawo Mersey da Severn, waɗanda cikinsu bai nutsa mita biyu ba, suka gama da shi a Yulin 1915. Irin waɗannan jiragen kuma su ne matuƙan kwalekwale na ƙasar Nufe da na bakin teku za su fi saurin laƙanta, alhali masu kula da injin babban jirgi sai an yi shekaru ana horar da su.

Ban ce babban jirgi ba shi da rana ba. Yana da kwarjini a teburin sulhu, kuma idan alƙalinku yana ba da maki a kan martabar ƙasa, rashinsa gaba ɗaya zai cutar da kai. Amma iya kuɗinka iya shagalinka. Ka nemi matsakaitan jiragen tsaron gaɓa biyu ko uku irin Sverige da Siwidin ta ƙera bayan 'yan shekaru, mai kimanin tan 7,000 da igwa huɗu masu inci 11, su tsaya bayan filin nakiya a ƙarƙashin inuwar igwoyin tudu. Maƙwabcinka mai jirgi ɗaya tilo zai daɗe yana tunani kafin ya kusanto da shi, kuma duk watan da jirgin ke wurin gyara ba shi da runduna.

Wata injiniya daga Kubwa: "Na zana jirgi na 1914 mai tan 25,000, da igwa 12 masu inci 14, da sulke mai kauri ko'ina, ina kuma son ya fi kowa gudu. Kullum wasan sai ya ce nauyi ya wuce ƙa'ida. Me zan rage?"

Malama, gudu za ki fara ragewa, domin shi ne mafi tsada a cikin abubuwa ukun da kike nema. Nauyin jirgi kamar kuɗin cefane yake, duk abin da kika kashe a kan nama ya fita daga na hatsi. Ki dubi jirage biyu na Ingila masu igwoyi iri ɗaya, takwas-takwas masu inci 15. Queen Elizabeth, da inji mai ƙarfin doki 75,000, yana yin wajen kilomita 44 a awa. Domin Hood ya kai kusan kilomita 59, sai da aka ba shi ƙarfin doki 144,000, aka miƙa tsawonsa daga mita 196 zuwa 262, nauyinsa kuma ya ƙaru da sama da tan 10,000. Dalili shi ne turjiyar ruwa tana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, ƙarin tukwanen tururi kuma suna buƙatar ƙarin tsawo, ƙarin tsawon nan shi ma sai an rufe shi da sulke.

Abu na biyu, ki daina shafa sulke ko'ina. Amurka ta nuna hanya da jirginta Nevada, wanda ya fara aiki a 1916: sulke mai kauri sosai a kan ɗakunan inji da ma'ajiyar albarusai da hasumiyoyin igwa, goshi da wutsiya kuwa aka bar su kusan babu komai, tunda matsakaicin sulke ba ya tare babban harsashi, sai dai ma ya tayar da shi ya fashe a ciki. Nevada ya kuma haɗa igwa uku a hasumiya ɗaya, ya ɗauki goma a hasumiya huɗu, wanda ya gajarta wurin da ake karewa. Idan kika sauko daga igwa 12 zuwa tara a hasumiya uku, za ki ga lissafin ya fara shiga.

Abin da ba zan yarda ki taɓa ba shi ne kariyar ma'ajiyar albarusai da rarraba cikin jirgi ɗaki-ɗaki. A yaƙin Jutland, ranar 31 ga Mayu 1916, jiragen Ingila uku masu gudu da siririn sulke, Indefatigable da Queen Mary da Invincible, sun tarwatse da mutum sama da 3,000, kuma yadda ake jibge albarushi a hanya domin a ƙara saurin harbi ya taimaka wa wuta ta isa ma'ajiya. A ɗaya ɓangaren Seydlitz na Jamus, wanda igwoyinsa inci 11 ne kacal, ya sha manyan harsasai sama da 20 da tofido guda, ya kwashi ruwa fiye da tan 5,000, amma ya koma gida. Ki kuma sa ido a kan ma'aunin daidaito, kada ki tara nauyi a sama: ƙaramin jirgin Japan Tomozuru ya kife cikin guguwa a Maris 1934 saboda makaman da aka labta masa sun fi ƙarfin gangarsa, mutum 100 suka rasu.

Wani alƙalin wasa daga Lugbe: "Kowa a rukuninmu ƙaton jirgi yake kawo mini, wasan ya fara gundura. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, ka ari abin da manyan ƙasashe suka yi a birnin Washinton a 1922, lokacin da tseren ƙira ya nemi ya tsiyata su. Sun ƙayyade babban jirgi kada ya wuce tan 35,000 da igwa mai inci 16, suka raba jimlar nauyi tsakanin Ingila da Amurka da Japan a kan 5 da 5 da 3. Ƙuncin nan ne ya haifi Nelson da Rodney, waɗanda aka tara igwoyinsu tara duka a gaba domin a rage tsawon sulke, kuma irin wannan dabara kake so 'yan wasanka su fara nema. Ka ƙara musu da dokoki biyu: kowane jirgi ya ci kuɗin kulawa duk shekara gwargwadon nauyinsa, kuma kada wanda ya ƙera jirgin da ya fi ramin gyaransa ko mashiginsa girma, kamar yadda ƙofofin mashigin Panama masu faɗin ƙafa 110 suka tsayar da faɗin jiragen Amurka irin Iowa a ƙafa 108. Wanda ya ga dama ya karya yarjejeniyar a ɓoye ka ƙyale shi, amma ka riƙa jefa ƙuri'a duk shekarar wasa a kan ko asirinsa zai tonu, ka kuma sanar da hukuncin tun kafin a fara.