Tambayi Likita: Iskar radon, kaskon wuta da matsalolin hunturu

Likita, barka da aiki. Da zarar hunturu ya shigo sai ƙafata ta yi faso, har jini take yi. Me zan yi? (Wata mai karatu daga Katsina)

Ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi na minti 10 kafin ki kwanta, ki shafa man kaɗe ko basilin tun da sauran danshi, ki sa safa. Ban da reza. Idan kina da ciwon suga, ki je asibiti a duba ƙafar.

Assalamu alaikum likita. Muna zaune a jihar Minesota ta Amurka, yarana biyu suna kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Maƙwabciyata ta ce in gwada gidan saboda wata iska wai ita radon. Mu ba ma jin warin komai, kuma kowa lafiyarsa ƙalau. Anya ba hanyar cin kuɗi ba ce?

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, maƙwabciyarki ta yi miki gata, ki gode mata. A jiharku kusan gida 2 cikin 5 da aka gwada ana samun radon ya wuce ƙima.

Radon iska ce da ke fitowa daga ma'adinin yuraniyom da ke cikin ƙasa da duwatsu. Ba ta da wari, ba ta da launi. A fili ba ta cutarwa don bajewa take yi. Amma lokacin sanyi kun rufe ƙofa da taga kun kunna na'urar ɗumama gida, iska mai ɗumi tana tashi sama ta fice, sai gidan ya riƙa zuƙo iskar ƙasa ta tsagar daɓe da gefen bututun ruwa. Inda ta fi taruwa kuwa shi ne ɗakin da yaranki suke kwana.

Cewa kowa lafiyarsa ƙalau ba ya kwantar min da hankali. Radon ba ya sa tari ko ciwon kai da zai ankarar da mutum. Ɓurɓushinsa ke maƙalewa a huhu yana lahanta shi sannu a hankali, sai bayan shekaru masu yawa kansar huhu ta bayyana. Bayan taba sigari, shi ne na biyu wajen haddasa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu daga gare shi ne, gwargwadon ƙasa, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka kuma ta ƙiyasta yana kashe kusan mutum 21,000 a shekara a ƙasar. Idan akwai mai shan taba a gidan, haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25.

Gwajin ba shi da tsada. Ɗan ƙaramin abu ne ake saya a shagon kayan gini ko a nema a ofishin lafiya na yankinku. Ki rufe tagogi awa 12 kafin ki fara, ki ajiye shi a ɗakin yaran, ba a kicin ko banɗaki ba, ya yi kwana 2 zuwa 7 kamar yadda takardarsa ta nuna, sannan ki aika da shi ta gidan waya zuwa ɗakin gwaji. Idan sakamako ya kai pikokuri 4 (ma'aunin yawan radon ke nan) a kowace litar iska, a sake gwadawa, in ya tabbata a gyara gidan: ana sa bututu da fanka su zuƙe iskar daga ƙarƙashin daɓe su fitar da ita ta saman rufi. In haya kuke, ki nuna wa mai gidan takardar. Sakamakon gidan maƙwabta ba ya zama naku. Turaren wuta da fesa ƙamshi ba sa rage komai. 'Yan'uwanmu na Ingila, ku ma'auninku daban ne, sunansa bekerel, iyakar kuma 200 ce, gwajin kuma wata 3 yake ɗauka. Duk wanda tari ya wuce masa mako 3, ko ya ga jini a majina, ya ga likita.

Likita, na ji an ce duwatsu ke fitar da wannan iska. Mu nan Jos ai a kan dutse muke. (Wani magidanci)

Haka ne Malam, irin duwatsun Filato suna ɗauke da yuraniyom, haka ma yankin Arlit a Nijar inda ake haƙarsa tun 1971. Abin da ke taimakonmu shi ne gidajenmu suna shan iska. Ka riƙa buɗe tagogi da rana ko ana sanyi, ka toshe tsagar daɓe da siminti, kada ka yi gini da ƙasar da aka tara a tsofaffin ramukan kuza. In kana shan taba, barinta ya fi duk waɗannan amfani.

Likita, matata ta haihu kwanan nan. Mahaifiyata takan sa mata kaskon wuta a ɗaki da dare, ta rufe ƙofa ta toshe taga da tsumma. Da safe matar takan tashi da ciwon kai da jiri, jaririn kuma ya cika barci, ba ya kama nono sosai. Hajiya ta ce sanyi ne ya shige ta, kuma gawayin ya riga ya zama garwashi, ba hayaƙi. (Daga Zariya)

Ɗan'uwa, yau ɗin nan a fitar da kaskon, yau ɗin nan kuma ka kai uwa da jariri asibiti. Kada ka jira gobe. Jaririn da ya rage kama nono, ko da babu kasko, na asibiti ne.

Duk shekara sai na yi wannan magana, kuma raina yana ɓaci don rayuka ne ake asara a kan abin da za a iya kauce masa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ita ma ba a ganinta, ba a jin warinta. Garwashin da ya yi jajir ba hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Hasali ma ya fi yaudara, don hayaƙi yakan sa mutum tari ya tashi ya buɗe ƙofa, ita kuwa ba ta tashin kowa. Idan ta shiga jini takan kama wurin da oksijin, wato iskar da jiki ke rayuwa da ita, ke zama, kuma ta fi shi riƙo fiye da sau 200. Ƙwaƙwalwa da zuciya sai su rasa iska alhali mutum yana numfashi. Da farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Daga nan ƙafa ta kasa ɗaukar mutum ko da ya so tashi. Jinin jariri ya fi na babba riƙe wannan guba, shi ya sa barcin ɗanka ya tayar min da hankali.

Radon shekaru yake ɗauka, wannan kuwa dare ɗaya ya ishe ta. Sau da yawa idan aka wayi gari aka tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki, sai a ce sammu ne, ko aljanu, ko an sa guba a tuwo, a kama zargin kishiya ko maƙwabci, ga kasko ko janareta a gefe ba wanda ya dube shi. Ga alamar da za ku riƙe: mutum fiye da ɗaya a ɗaki guda suna ciwon kai tare, in sun fita waje su ji sauƙi.

Idan aka tarar da wani ya galabaita, a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da shi fili, a nufi asibiti a ce musu hayaƙin gawayi ne, don oksijin yake buƙata. Don Allah a daina ɗura wa wanda ya suma manja ko madara. Ba sa karya wannan guba, huhu suke shiga su ƙara wata cutar. Addu'a a yi ta a kan hanyar asibiti. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi, don illar kan iya dawowa bayan kwanaki da mantuwa ko ruɗewa.

Hajiya ƙauna ce ta sa ta, haka ita ma aka yi mata. Kada ka yi mata gatsali. Ka roƙe ta ta raka ku asibiti ta ji daga bakin ma'aikata. A sa wa jariri hula da safa, uwa ta rungume shi a ƙirjinta, a rufa da bargo ba tare da an rufe masa fuska ba. Jin ɗumi a yi shi a tsakar gida, a kashe wutar kafin a shiga barci. Janareta kuma ya zauna a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a zaure ko baranda ba.

Tun da mai jego ce, in ƙara da wannan: a sassauta kunun kanwa. Idan ƙafarta ta kumbura ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, zuciya ce, a koma asibiti da gaggawa.

Jaririna ɗan wata 5 yana mura, hanci ya toshe. Zan iya shafa masa man zafi a hanci? (Wata uwa daga Maraɗi)

A'a, sam. Irin wannan man yana iya toshe numfashin yaron da bai kai shekara 2 ba. Ki ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kemis, ki yawaita ba shi nono. Ban da zuma sai ya shekara. Idan numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, asibiti nan take.

'Yata mai sikila ce, sanyi yana tayar mata da ciwo. (Daga Gusau)

Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki ne ke haɗuwa. Ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi, ta yi wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta fito, ta sa rigar sanyi da safa zuwa makaranta, kada ta tsallake magungunanta. Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi ba a jinyarsu a gida, ku kai ta asibiti ko da tsakar dare ne.