Amsa kan fitilun remok da ke ƙiftawa tare in an taka birki

Malam, ka ce an ja wa ƙaramar remok ɗinka wuta daga Hilux, amma in ka taka birki fitilun baya duka suna dushewa suna ƙiftawa tare, kuma fuzibil na ƙonewa da dare. Matsala biyu ce daban, kada a gama su.

Ta farko, mas ne, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Yawancin masu haɗin gaggawa suna barin ƙugiyar jan remok ta zama hanyar komawar wuta, alhali wurin nan tsatsa ne da giris da rairayi. In wuta ta rasa hanyar komawa batir, sai ta bi ta cikin wasu ƙwayayen, shi ya sa kake ganin kilinyotan, wato fitilar nuna kwana, na haske ba ka taɓa shi ba. A ja farar waya mai girman milimita murabba'i 2.5 daga soket ɗin da ake jona remok, a kankare fenti a jikin shasin mota har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure da noti da washa, a shafa giris a bisa. Haka ma a remok, kuma ni na fi son kowace fitila ta samu wayar mas ɗinta, don ƙarfen da aka yi wa walda a garaji ba abin dogaro ba ne.

Soket mai baki 7 irin na Turai an buga masa lambobi a baya. Lamba 1 rawaya ce, kilinyotan hagu. 2 shuɗiya, fitilar hazo. 3 fara, mas. 4 koriya, kilinyotan dama. 5 ruwan ƙasa, ƙaramar fitilar dama. 6 ja, birki. 7 baƙa, ƙaramar fitilar hagu. Amma launin wayoyin cikin motar ba ya bin wannan tsari. A ɗauki fitilar gwaji, wani ya zauna a ciki yana taka birki yana kunna kilinyotan, ana taɓa wayoyin bayan fitilar mota ɗaya bayan ɗaya. In remok ɗin ɗan Amurka ne mai baki 4, ƙwai ɗaya ne ke yin birki da kilinyotan, to sai an sa akwatin da ke gama su.

Batun fuzibil kuwa, lissafi ya isa. Ƙwan birki da na kilinyotan wat 21 ne kowanne, ƙaramar fitila wat 5. Ƙananan fitilu biyu da ta lamba, waɗanda ke kunne da dare, wat 15 ke nan, ampeya ɗaya da ƴan kai a wutar bolt 12. Wannan ba ya ƙona fuzibil mai ampeya 10. Akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, galibi inda ta ratsa rami a shasi ko ƙarƙashin sandar ja. Don Allah kada a sa fuzibil babba, kada a naɗa zaren waya a gurbinsa. Wayar ce za ta narke maimakonsa, kuma remok da aka loda wa harawa ko buhunan gyaɗa ba ya jiran a kawo ruwa.

Mahaɗar wayoyi a yi mata dalma a rufe da robar da ke matsewa in an gasa. Baƙin salatif yana sakin jiki a zafin watan Afrilu na Damagaram, girgizar hanyar laterit kuma ta ƙarasa shi. A sa wayoyin cikin tiyo, a ɗaure duk santimita 30 zuwa 40, a bar sassauci tsakanin mota da remok yadda kwana ba zai tsinka su ba, ba kuma za su ja ƙasa ba.

In motar sabuwa ce mai kwamfuta da ke lura da ƙwayaye, kada a yanki wayarta a ɗora nauyi kai tsaye. Akwati na musamman ake sakawa, mai jan wutarsa daga batir ta fuzibil nasa kusa da kan batir ɗin. Kafin ka kama hanyar Tanut ko Magarya, a hura soket ɗin, ƙurar hunturu tana toshe bakinsa, sannan wani ya tsaya a baya a gwada birki da ƙananan fitilu a kunne lokaci guda, domin a nan ne raunin mas ke fitowa.