Ƙanshin Ƙasa a Tsohon Shayin Pu-erh: Tsufa Ne ko Lalacewa?

Tambaya: Yayana ɗan kasuwa ne mai zuwa Guangzhou, ya kawo mini shayi da aka danne kamar faifai, ya ce pu-erh ne mai shekara 20. Da na jiƙa shi sai na ji ƙanshin ƙasa. Lalacewa ya yi, ko haka yake? Kuma ta yaya zan gane ingancinsa?

Amsa: Malam, ƙanshin ƙasa shi kaɗai ba ya nuna lalacewa, amma sai ka fara sanin wane iri ke hannunka. Pu-erh shayi ne na lardin Yunnan a kudu maso yammacin ƙasar Sin, ana yin sa da manyan ganye da aka shanya a rana, kuma iri biyu ne. Akwai ɗanye, wanda suke kira sheng, da ake dannewa a ajiye ya yi ta nuna a hankali shekara da shekaru. Akwai kuma nunanne, wato shou, wanda aka ƙirƙiro a masana'antar shayi ta Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973, inda ake tara ganyen tsibi guda, a yayyafa masa ruwa, a lulluɓe shi na wajen wata ɗaya da rabi zuwa biyu domin a gaggauta nunarsa. Ƙanshin ƙasa mai ƙarfi da ruwa mai duhu tun jiƙon farko sun fi zama alamar nunanne.

Kada ka dogara da takardar da aka naɗe shi, domin ƙarin shekaru da jabun takarda sun yi yawa a wannan kasuwa. Ko lambar da ake bugawa tana ruɗar mutane: a sanannen haɗin shayi mai lamba 7542, lamba 75 shekarar da aka tsara haɗin ce, wato 1975, 4 matakin ganyen, 2 kuma masana'antar Menghai. Ba ta faɗin shekarar da aka danne faifan da ke gabanka.

Gwajin gaskiya a kofi yake. Ka ɓalli kimanin gram 6 daga gefe ba tare da farfasa ganyen ba, ka sa a ƙaramar buta mai cin mililita 100, ka zuba tafasasshen ruwa ka zubar nan take domin wanke ganyen, ko da sau biyu ne. Daga nan ka jiƙa na daƙiƙa 10 kacal, kana ƙara lokacin kaɗan-kaɗan. Ba a dafa shi a kan gawayi kamar ataya, kuma ina roƙonka ka bar sukari, domin zai rufe abin da kake nema.

Ɗanyen da ya kai shekara 20 ruwansa ja ne garau, ba mai gurɓi ba. Baurin ƙuruciyarsa ya kwanta, ƙanshinsa ya koma na tsohon itace, wani lokaci da kafur ko busasshen dabino. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne bayan haɗiya: ɗan ɗacin ya juye zaƙi ya taso daga maƙogwaro, yawu ya tsattsafo, abin da Sinawa ke kira huigan. Mai kyau yana jure jiƙo goma ko fiye, kowane jiƙo da nasa ɗanɗanon, kuma a ganina shayin da ya salance a jiƙo na huɗu bai cancanci kuɗin tsoho ba, komai shekarunsa. Idan ka gama, ka murza ganyen tsakanin yatsu. Na gari yana da taushi da danƙo, ba ya dagargajewa.

Wurin ajiya ma yana magana a baki. Wanda ya zauna a laimar Guangzhou ko Hong Kong ya fi duhu da ƙanshin ƙasa fiye da wanda aka ajiye a busasshiyar iskar Kunming, saboda haka naka zai iya zama ɗanye duk da wannan ƙanshin. Amma idan ka ga fumfuna kore ko baƙa, ko warin ɗaki mai rima bai gushe ba bayan wanki biyu, ko maƙogwaronka ya bushe yana ƙaiƙayi, to ka daina sha.

Sauran faifan kuma ka bar shi a takardarsa cikin tulu mai tsabta da murfi, nesa da turare, yaji da hayaƙin girki, domin ganyen yana zuƙar duk ƙanshin da ke kusa. Iskar hunturu tana busar da shi, da damina kuma sai ka riƙa buɗewa kana dubawa.