Makulli a hannu ba shi ne shaidar gida ba

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na hana ka kai baƙon nan mai neman haya gidan unguwar Talladje a nan Yamai jiya, alhali mai cewa gidansa ne ya buɗe maka ƙofa da makullinsa. To, gardi ma yana da makulli. Ɗan hayar da ya tashi bai mayar ba, shi ma yana da shi.

Tun ina sabon shiga dillanci na taɓa karɓar kuɗin wata uku da na ajiya, jika 200 na sefa cif, na miƙa wa wani mai babbar riga a Bukoki. Ashe ɗan haya ne, wata biyu ya rage masa. Ya tattara ya bar Yamai, ni na sayar da babur ɗina na biya.

Saboda haka takarda kake fara nema. A nan galibi iri biyu za ka gani. Akwai takardar fili da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, akt da sesiyon, mai ɗauke da lambar ilo, wato rukunin filaye, da harafin filin. Akwai kuma titir fonsiye, wadda ke fitowa daga ofishin rajistar filaye na hukumar haraji, ita ce mafi ƙarfi. Ka ɗora sunan da ke jiki kusa da katin ɗan ƙasa na mai magana da kai. In hoto kawai ya nuna maka a waya, ka ce kana son ganin ta asali. Takardar wutar NIGELEC kuwa kada ta ruɗe ka, sau da yawa sunan wanda ya ja wutar tun da daɗewa ne a kai.

Inda aikin ya fi wuya shi ne gidan gado. Sunan marigayi ne a takarda, ƴaƴa takwas, kowa na cewa gidan babansa ne, kuma duk gaskiya suke faɗi. Ka biya ɗaya, gobe ƙaninsa ya zo da sabon kwado. Ka tambaya wane ne taron iyali ya naɗa wakili, kuma ina takardar da kotu ta tabbatar. Haka in an ce mai gidan yana Abijan ko Libiya: takardar wakilci mai hatimi, sannan ka kira shi da kanka. Lambar kuma daga bakin wani za ka samo ta, ba daga wakilin ba.

Ni dai na fi yarda da mai shayin bakin layi a kan rabin takardun nan. Zauna ka sha kofi ɗaya, ka tambaye shi wa ke zuwa karɓar haya ƙarshen wata. Daga nan ka gaida mai unguwa.

Mutumin jiya da na ce ya kawo takarda, cewa ya yi akwai wasu mutum biyu da ke jira da kuɗi a hannu. Bar su su biya. Gobe da safe ka koma Talladje, ka fara da mai shayi.