Tambaya da Amsa: Ina Dagwalon Masana'antun Legas Yake Ƙarewa?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa daga 'yan'uwa mazauna Legas, kuma dukkansu a kan ruwa ɗaya suke magana, wato ruwan da yake fitowa daga bututun kamfanoni ya bi kwata da rafi har ya faɗa tafkin da Yarbawa suke kira Osa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai lambu ne, shekara tara ke nan ina noman alayyahu da latas a gefen wani rafi a yankin Ojota. Wasu ranaku da asuba ruwan yakan zama ja ko shuɗi, ya yi ɗumi, ya riƙa wari mai hawa kai, kafin hantsi kuma ya washe. Dattawan wurin sun ce daga kamfanoni yake zuwa, kuma babu abin da talaka zai iya yi. Shin akwai dokar da ta hana wannan, kuma wa ake kai wa ƙara? Daga wani mai lambu a Ojota.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Doka tana nan, kuma ta girmi lambunka nesa ba kusa ba. Asalinta wani abin takaici ne da ya faru a 1988, lokacin da aka gano cewa wasu 'yan kasuwa daga Italiya sun jibge dubban ganguna na shara mai guba a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mayar da martani da dokoki biyu a shekarar: doka mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba a ƙasa ko a ruwan Najeriya, da doka mai lamba 58, wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1991 hukumar ta fitar da ƙa'idojin da suka shafi tambayarka kai tsaye. Sun wajabta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar tace dagwalonta kafin ta sake shi, sun kuma ƙayyade irin ruwan da aka yarda ya shiga rafi: zafinsa kada ya kai digiri 40, ma'aunin tsaminsa ya tsaya tsakanin 6 da 9, sinadaran ƙarfe da ke cikinsa kuma kowanne da iyakarsa. A 1999 aka narkar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sannan a 2007 aka kafa NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli, ita kuma ta bi masana'antu rukuni-rukuni da ƙa'idoji, har da na masaƙu da majemu da na masu sarrafa abinci da abin sha da na masu sabulu da magunguna, waɗanda suka fito a 2009. Jihar Legas tana da tata hukumar, LASEPA, tun 1996, kuma dokar muhalli ta jihar ta 2017 ta ƙara mata ƙarfi.

Abin da ka gani da asuba ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san harkar. Na'urar tace dagwalo tana cin lantarki da sinadarai da albashin ma'aikata, saboda haka wasu kamfanonin sukan gina ta domin a gani ranar da jami'ai suka zo dubawa, amma su tara ruwan a tanki su buɗe shi cikin dare ko a lokacin da ake sheƙa ruwan sama, sa'ad da babu mai lura. Yankinku kuma a ƙasan unguwannin masana'antu na Ogba da Ikeja da Oregun yake, kuma rafin Odo Iya Alaro, wanda yake ratsowa ta Maryland da Ojota zuwa Ogudu, ya daɗe da yin suna wajen ɗaukar irin wannan ruwa zuwa tafki. Wanda ya san yadda kogin Challawa da rafin Jakara suka koma a Kano saboda majemun Sharaɗa da Bompai ba zai sha wahalar gane lamarin ba.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai kuskuren da nake tsoron ka faɗa ciki. Mun taso da karatun cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita da ƙazanta ba a tsarki da shi, kuma wannan hukunci daidai ne a babinsa. Sai dai gubar da ta fi haɗari a dagwalon masana'antu, wato ƙarafa irin su dalma da kadmiyom da zaiba, ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ruwan zai washe da hantsi kamar yadda ka faɗa, amma ƙarfen ya riga ya kwanta a cikin laka, kuma duk lokacin da ka ɗebi ruwa ka yi ban-ruwa, wani kaso nasa yana komawa cikin ƙasar lambunka. Ganyaye irin su alayyahu da latas suna cikin shuke-shuken da suke zuƙar kadmiyom daga ƙasa, wanki kuma ba ya fitar da abin da ya shiga jikin ganye. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan dalma, tunda a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinariya, alhali iyayensu ba su ga wata alama a ƙasar da yaran suke wasa a kai ba. Shawarata ita ce ku masu lambun ku haɗa kuɗi ku kai ƙasa da ruwa ɗakin gwaje-gwaje a auna muku, kuma kafin sakamako ya fito ku daina ɗiba daga rafin idan akwai rijiya kusa.

Game da kai ƙara, LASEPA ce ta fi kusa da ku, ofishinta yana Alausa a Ikeja, kuma tana da ikon shiga kamfani ta ɗebi ruwa ta auna, ta ci tara, ta garƙame ƙofa. Ku rubuta koke a takarda, ku aika kwafi ga ofishin NESREA na Legas, kuma kada ku baro kowane ofishi sai an buga muku hatimin shaidar karɓa a kan kwafinku. Kafin nan ku yi sati biyu ko uku kuna rubuta rana da sa'ar da ruwan ya sauya, kuna ɗaukar hoto da bidiyo da waya, domin kamfanin da yake sakin ruwa cikin dare ba a kama shi da ziyarar tsakar rana, sai idan jami'in ya san lokacin da ya kamata ya zo. Kada ku haura katangar kowa, kada kuma ku ambaci sunan kamfani a Facebook ba tare da hujja ba, don kada mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Na san akwai wani tsoro da ba ka rubuta ba, wato yawancin lambunan nan a filin gefen magudanar ruwa suke, kuma mai lambu yana gudun kada koke ya jawo a tashe shi. Tsoron yana da dalili. Shi ya sa ya fi kyau koken ya fito daga ƙungiyar ci gaban unguwa, da sa hannun Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da Sarkin Hausawan yankinku, tunda masu rijiyoyi da masu sayar da ruwa a kura da iyayen yara duk abin ya shafe su.

Ba zan ɓoye maka raunin dokar ba. Sashe na 27 na dokar NESREA, kamar yadda aka rubuta shi a 2007, ya sa wa kamfanin da ya zubar da abu mai guba tarar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, da ƙarin naira 50,000 a kowace rana idan bai daina ba. Ga babban kamfani wannan bai kai kuɗin man janareta ba. Abin da yake tsorata su shi ne rufe ƙofa da tsayar da aiki, kuma hukuma ta fi saurin kaiwa ga wannan mataki idan akwai rubutaccen koke mai ɗauke da hujja a gabanta.

Tambaya: Malam, ni ina sayar da soyayyen kifi da banda a Idi-Araba. Wata maƙwabciyata ta ce kifin tafkin Legas guba ne. Ni kuwa na ga tafkin a haɗe yake da teku, ashe teku ba ta wanke shi? Daga wata Hajiya a Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Teku tana wanke tafkin, amma ba yadda kike zato ba. Tafkin Legas mahaɗa ce ta ruwa biyu: ruwan daɗi yana shigowa daga koguna, babbansu Ogun, ruwan gishiri kuma yana shigowa ta ƙofa guda, wato mashigar jiragen ruwa da ke kusa da Apapa. Da damina koguna suke rinjaye har gishirin ya kusa ɓacewa, da rani kuma ruwan teku ya turo ciki. Tafkin ba shi da zurfi a yawancin sassansa, ƙofar fitarsa ɗaya ce, saboda haka abin da ya shigo ta Ogudu ko Ebute Metta ko Iganmu yakan daɗe yana kai da komo da cikowar teku da janyewarta. Wani abu kuma shi ne, inda ruwan daɗi ya gamu da na gishiri, ƙananan ƙwayoyin laka sukan dunƙule su nutse, su tafi da ƙarfen da ya manne a jikinsu zuwa ƙasan ruwa. Wannan laka ita ce gidan ƙaguwa da jatan lande da ƙananan halittun da kifi yake ci, kuma irin wannan mahaɗa, da itatuwan bakinta masu saiwoyi a waje, ita ce wurin renon 'ya'yan kifayen da daga baya ake kamawa a teku. Dalilin da ya sa ake ware mata kariya ta musamman ke nan, kuma NESREA tana da ƙa'idojin kare gaɓar teku tun 2011.

Duk da haka, cewa duk kifin tafki guba ne wuce gona da iri ne. Haɗarin ya fi yawa a halittun da suke zaune cikin laka kusa da bakin magudanun ruwa, da kuma manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, domin ƙarfe taruwa yake yi a jiki daga ƙarami zuwa babba. Haka aka gani a Minamata ta Japan, inda a 1956 aka gano wata cuta, daga baya aka tabbatar cewa zaibar da wata masana'anta take zubarwa a gaɓar teku ta bi ta kifi ta lalata jijiyoyin masunta da iyalansu. Suya da banda suna kashe ƙwayoyin cuta amma ba sa taɓa ƙarfe. Ki riƙa tambayar dillalinki inda aka kamo kifin, ki cire hanji da hanta ki zubar, kuma kada ki sayi kifin da aka tsinto matacce yana yawo a kan ruwa komai arharsa. Irin wannan mutuwar ta taro takan faru ne idan dagwalon kamfanonin abinci da abin sha, ko bahaya, ya ruɓe a ruwa ya cinye iskar da kifi yake shaƙa. Mafi yawan kifin ƙanƙara da ake sayarwa a Legas daga waje ake shigo da shi, tarwaɗa kuma galibi ta kiwo ce, don haka wataƙila yawancin hajarki ma ba daga tafkin take ba.

Adalci ya sa in ƙara da cewa ba kamfanoni kaɗai suke ɓata wannan ruwa ba. Jini da kashin shanu daga mahautai da kasuwannin dabbobi, har da Kara da ke bakin kogin Ogun inda mutanenmu suke da yawa, suna cinye iskar ruwa kamar yadda dagwalon kamfani yake yi, kuma suna cikin takin da yake ciyar da kainuwar da take toshe hanyoyin jiragen ruwa na Ikorodu duk ƙarshen damina. Shugabannin kasuwanninmu suna da nasu nauyin a nan.

Tambaya: Ni lebura ne a wani kamfani a Ikorodu. Idan aka matsa wa kamfanoni da dokar ruwa, ba rufewa za su yi mu rasa abinci ba? Daga wani matashi a Odogunyan.

Amsa: Ɗan'uwa, damuwarka tana da tushe, musamman ga wanda ya ga yadda masaƙun Kaduna da Kano da na Legas suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ya durƙusar da su shi ne rashin lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa da tsadar kayan aiki, kuɗin tace ruwa bai kai ko kusa da waɗannan ba. Garƙamewar da hukuma take yi yawanci ta ɗan lokaci ce, ana buɗewa idan kamfani ya biya tara ya sa hannu kan gyara. Inda nake ganin gwamnati ta gaza shi ne ƙananan masana'antu, waɗanda ba za su iya gina na'urar tacewa tasu su kaɗai ba. Maganin da aka sani shi ne a gina matata guda a kowace unguwar masana'antu, kowa ya tura dagwalonsa can ya biya gwargwadon abin da ya tura, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ƙungiyoyin ma'aikata su riƙa nema tare da masu kamfanonin.

Kai kuma da kake ciki, idan aikinka ya haɗa da wanke tankuna ko buɗe bututun dagwalo, haƙƙinka ne a ba ka safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, kuma kada ka taɓa shiga rami ko tankin dagwalo ba tare da an gwada iskar cikinsa ba da wani a tsaye a bakinsa, domin iskar da take taruwa a irin wannan wuri tana iya sumar da mutum nan take.