Rubutun jikin batir ba awo ba ne

Ka ce ƙaramar motar lantarkin da ɗaliban nan suka haɗa ta tsaya tun ba ta kai rabin tafiyar da suka lissafa ba, alhali batir ɗinta 48V ne, 20Ah. To yaro, lissafinsu daidai yake: 48 sau 20, 960Wh ke nan, wato adadin wutar da batir ke ajiyewa. Ƙaryar tana jikin batir, kuma wannan cuta har gobe tana ci mini rai.

Mayaudaran 'yan kasuwa kan buga 9,900mAh a ledar ƙwayar lithium samfurin 18650 (ƙananan baturan da ake jerawa a haɗa babban batir), alhali ta ainihi ba ta wuce wajen 3,500mAh. Ta ainihi nauyinta wajen giram 45 ne, jabu kuwa ka ɗora ta a sikeli ka ga sakayau. Yaran yanzu su kwashi kwali guda, su haɗa layi 13, babu wanda ya gwada ko ƙwaya ɗaya, gaggawa suke a ɗauki hoto. Layi mafi rauni ya fara zubewa, BMS, wato na'urar da ke kare batir, ya yanke wuta kamar yadda aka gina shi ya yi, sai su ce ya lalace, su cire shi su haɗa kai tsaye! Ƙwaya ta sauka ƙasa da 2.5V, ta mutu, a maida ita caji ta ɗau zafi. Kuɗi da wahalar watanni sun tafi a banza, mai sayarwa kuma ya ce bai san zance ba.

Riƙe mita ba zan koya maka ba, amma ga yadda za ka auna wutar da motar ke ci. Sa shant, wato ɗan ƙarfen da ake auna wutar da ke wucewa da shi, a wayar negatif tsakanin batir da kwantirola mai sarrafa wutar injin, da mita mai tara Wh. Cika caji zuwa 54.6V. Hanya ɗaya, zuwa da dawowa saboda gangara da iska, direba ɗaya, iskar taya ɗaya. Raba Wh da kilomita: in ta ci 150Wh a kilomita 10, cinta 15Wh ne a kilomita. Kada ka auna a soket, caja na cin kasonta. Bolt (V) kaɗai ma ba shaida ba ne, yana faɗuwa in an taka totur, ya farfaɗo in an saki.

In cin ya yi yawa, fara da gudu: in ka ninka shi biyu, turjiyar iska za ta ninka huɗu. Taɓa wayoyi bayan tafiya, mai ɗumi ta yi siriri ko haɗinta ya saki. Sannan ɗage motar ka juya kowace ƙafa da hannu, ka saurari birki ko yana goga.