Me ya sa kogin taswirarka ya kauce daga hanyarsa?

Ɗan'uwa, ka ce aikin kammala karatu kake yi a Sakkwato, ka zana kogin da ke fitowa daga ƙanƙarar Gangotri a tsaunukan Himalaya da bayanan SRTM (bayanan tsayin ƙasa da na'urar radar ta ɗauka daga sararin samaniya), amma ya ƙi dacewa da hoton tauraron ɗan'adam.

Daga bayanan matsalar take. A Fabrairun 2000 aka ɗauki SRTM, kowane ɗigo na hoton yana wakiltar mita 30 ne a ƙasa, kuma a gangare mai tsanani akwai guraben da na'urar ba ta gani ba. Tun daga lokacin kuwa ƙanƙarar ta ja da baya. Sauko da Copernicus DEM (wasu bayanan tsayin ƙasa da suka fi SRTM sabunta), ka buɗe a manhajar taswira ta QGIS, ka cike ƙananan ramukan da ke cikin bayanan kafin ka fitar da hanyar ruwa, in ba haka ba kogin zai riƙa yankewa. Layukan da ke nuna tsayin ƙasa a taswira ka ba su tazarar mita 50. Inda suka ƙetare kogi, tsininsu sama zai kalla, wajen mafarin ruwa.

Kada ka bar shiyyar UTM (tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya don zana taswira) a 31, ta Sakkwato ce. Gangotri tana 44. Sannan ka gwada da sabon hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 marar gajimare, domin irin wannan kogin yakan sauya hanya cikin tsakuwa. In masu hawan tsauni za su yi amfani da taswirar, lallai ƙwararren safiyo ya duba ta tukuna.